Takin Gwamnati da Haƙƙin Manomi

Darasi na 1: Taimako iri uku ne

Ko wace shekara, da hadari ya fara haɗuwa a gabas, magana ɗaya ce ke cika ƙofar masallaci da bakin kasuwa a Karare da sauran ƙauyukan ƙasar Batsari da ta Safana. Maganar kuwa ita ce ta takin Gwamnati. Wannan ya ce an kawo. Wancan ya ce ai an rabe tun jiya da dare. Wani ya ce an rubuta sunansa amma bai ga ko mudu guda ba. Wani kuma ya samu, ya sayar tun bai kai gida ba.

A cikin waɗannan darussa za mu bi wannan magana daki daki. Za mu ga inda kuɗin taimakon yake fitowa, da yadda aka yi ta raba shi tun zamanin kakanninmu, da inda yake maƙalewa, da abin da mai karatu zai yi don kada a ci haƙƙinsa.

Da fari sai mu san taimakon da Gwamnati ke yi wa manomi iri uku ne, kuma ko wane da hukuncinsa.

Na ɗaya shi ne kyauta. Ana ba ka iri ko maganin feshi, ba ka biya ko kwabo ba, ba kuma za a bi ka bashi ba.

Na biyu shi ne rangwame, wanda yanzu aka fi kira tallafi. Gwamnati ta biya wani kashi na kuɗin kaya, kai ka biya saura. In buhu yana naira 40 a kasuwa, aka ce an yi rangwamen rabi, kai za ka ba da 20, Gwamnati ta ba da 20. Da ka biya naka, buhu ya zama naka, magana ta ƙare.

Na uku shi ne rance. Ana ba ka taki da iri da ɗan kuɗin aiki da damina, kai kuma ka biya da kaka, ko da kuɗi ko da amfanin gona. Wannan bashi ne, ko da an kawo shi da kiɗa da jawabi.

Yawancin rigimar da ake yi a ƙauye daga rashin bambance waɗannan uku take tasowa. Saboda haka duk ranar da aka kira ku rabon kaya, tambayar farko ita ce: wannan kyauta ce, ko rangwame, ko rance? Matambayi ba ya ɓata.

Darasi na 2: Kuɗin wane ne?

Sau da yawa mukan ji ana cewa, wane ya ba mu taki, Allah ya saka masa. Godiya abu ne mai kyau. Amma ya kamata mu san daga aljihun wa kuɗin ya fito.

Iyayenmu sun san haraji. Mai Unguwa ya tara ya kai wa Dagaci, Dagaci ya kai wa Hakimi, Hakimi ya kai Baitulmalin En'e a Katsina. A shekarar 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke wannan haraji a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta a lokacin, kafin a ba ta jiharta a 1987. To, soke wancan haraji bai sa talaka ya daina zuba kuɗi a Baitulmali ba. Akwai harajin da ake ɗorawa a kan kayan da muke saye, kamar katin waya da kwanon rufi da batir. Yana cikin farashi, shi ya sa ba mu ganinsa. Akwai kuɗin kwastan na kayan da ake shigowa da su. Akwai kuma kuɗin man fetur da ake haƙowa a kudu, wanda dukiyar 'yan ƙasa ce baki ɗaya. Ko wane wata ana raba waɗannan kuɗi a Abuja tsakanin Gwamnatin Tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Katsina tana da ƙananan hukumomi 34, Batsari da Safana suna cikinsu.

Daga wannan tukunya ake ɗebo kuɗin rangwamen taki. Watau kuɗin jama'a ne aka juyo da shi ga jama'a. Wanda ya tsaya ya raba wakili ne kawai, an ba shi amana. In ya raba daidai ya cika aikinsa. In ya karkatar ya ci amana, ko wane ne shi.

Ba mu kaɗai ke yin wannan ba. Amurka ta fara biyan manomanta kuɗin taimako tun 1933. Ƙasashen Turai sun haɗa nasu tsarin a 1962. Indiya, tun 2019, tana zuba wa ƙananan manoma rupi 6,000 ko wace shekara kai tsaye cikin asusunsu na banki. Dalilinsu ɗaya ne da namu: in manomi ya kasa, birni ma ba zai ci abinci ba. Saboda haka manomin da ya je karɓar rangwame kada ya sunkuyar da kai kamar mai bara. Haƙƙinsa ya je karɓa.

Darasi na 3: Daga zamanin gyaɗa zuwa 1999

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga nan cinikin gyaɗa ya buɗe a ƙasar Hausa. A 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa da ta sayen auduga, a 1954 kuma aka haɗa aikinsu a ƙarƙashin hukuma ɗaya ta Jihar Arewa. Ita ke yanka farashi kafin kaka, wakilanta su saya a kan sikeli, ta kai Turai ta sayar. Farashin da take ba manomi bai kai na Turai ba. Rarar da ta rage da ita aka yi ayyuka da yawa na Gwamnati. Ashe a wancan zamani manomi ne ke tallafa wa Gwamnati. Dalar gyaɗa ta Kano da gumin mutane irin kakanninmu aka gina ta.

A cikin shekarun 1950 ne malaman gona suka fara yawo ƙauyuka suna nuna takin zamani, musamman supa don gyaɗa, bisa ga gwajin da aka yi a Samaru ta Zariya. Da fari mutane sun yi ɗari-ɗari da shi, wasu suna cewa zai ƙone ƙasa. Da suka ga bambancin gonar gwaji da ta maƙwabta, sai suka karɓa.

Sa'an nan fari ya zo a 1972 da 1973, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975. Noma ya ja baya, kuɗin fetur kuwa ya yi yawa a hannun Gwamnati. A 1975 aka buɗe babban aikin gona na Funtuwa tare da Bankin Duniya, aka gina rumbunan sayar da taki kusa da ƙauyuka. A 1976 Gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, Gwamnatin Tarayya ta karɓi sayo taki da raba shi ga jihohi duka. Rangwamen waɗannan shekaru babba ne ƙwarai, manomi yakan biya wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin buhu. A 1980 Shugaba Shehu Shagari ya ci gaba da irin wannan shiri.

Amma araha ta jawo ɓarayi. Tun da buhu yana da arha a rumbun Gwamnati, yana da tsada a kasuwa, duk wanda ya sami takardar izinin ɗiba ya sami kuɗi ba tare da ya riƙe fartanya ba. Taki ya riƙa bin hannun manya da 'yan kwangila, wani ya tsallaka iyaka ta Jibiya ya nufi Maraɗi, wanda ya rage ya iso ƙauye bayan an gama noman farko.

A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. A 1997 Gwamnatin Tarayya ta janye rangwamen taki gaba ɗaya, farashi ya tashi, manoma da yawa suka rage sa shi. A 1999 aka maido da rangwamen kashi 25 cikin 100, jihohi kuma suna ƙara nasu a kai. Amma hanyar rabo ba ta sake ba, don haka ciwon bai warke ba.

Darasi na 4: Zamanin waya da zamanin rance

A watan Yuni na 2006 shugabannin Afirka suka taru a Abuja a kan maganar taki. Suka ga manomin Afirka yana sa wajen kilo 8 a hekta ɗaya, suka yi alkawarin kai shi kilo 50. Hekta ɗaya eka biyu da rabi ce, ko kusa da haka. Ƙasar Malawi tun 2005 ta riga ta fara ba manomanta takardar shaida, su kai wa mai kanti su sayi taki da rangwame.

A 2012, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, Ministan Gona Akinwumi Adesina ya kawo shirin da ake kira GES. Ya ce a tsohon tsari, cikin manoma 100, guda 11 ne kaɗai ke samun takin rangwame. Sabuwar dabara ita ce Gwamnati ta daina sayo taki da kanta. A rubuta sunan manomi da lambar wayarsa. In lokaci ya yi, a aiko masa da saƙo. Ya je wurin dillalin da aka amince da shi, ya biya rabin kuɗi, ya ɗauki buhu 2 da ɗan iri. Sauran rabin, Tarayya ta biya kashi 25, jiha ta biya kashi 25.

Manoma da yawa sun fara ganin takin rangwame da idonsu a wannan shiri. Amma shi ma ya gamu da nasa cikas. Wani ba shi da waya. Wani ƙauyensu babu sabis. Wani saƙo ya zo da Turanci, ya kai wa wani ya karanta masa, mai karantawa ya ce ba kome ba ne, ya kwafe lambar. Gwamnati kuma ta yi jinkirin biyan dillalai. Bayan 2015 shirin ya yi sanyi. Mu a nan mun san raunin dogara ga waya kaɗai, gama a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya na wasu watanni a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda tsaro, har da Batsari da Safana.

A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi. Wannan rance ne daga Babban Bankin Nijeriya. An fara da shinkafa da alkama, daga baya aka sa masara da auduga. A 2019 a Katsina aka buɗe rabon irin auduga. Kuɗin da aka fitar ya haura naira tiriliyan 1. Wasu sun noma sun biya. Wasu ambaliya ko fari ko 'yan bindiga sun hana su. Wasu kuwa sun ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa, suka sayar da kayan suka yi aure. Akwai ma waɗanda ba manoma ba ne sam. Bashi mai yawa bai dawo ba, kuma daga 2023 Babban Banki ya janye hannunsa daga irin wannan rance. Wanda ya ƙi biya ya rufe ƙofa, ta rufe har da maƙwabcinsa mai gaskiya.

A ƙarshen 2016 aka ƙulla yarjejeniya da Maroko, a riƙa kawo sinadarin taki daga can ana haɗawa a masana'antun gida. Da fari an sa buhun kamfa naira 5,500. A 2022 yaƙin Rasha da Yukiren ya tada farashin taki a duniya duka. A 2023 aka janye tallafin fetur, darajar naira ta faɗi, kuɗin mota ya hau. Buhu ya ninka wancan farashi sau da yawa. Shi ya sa takin rangwame da Gwamnatin Jiha kan sayar gab da damina ya zama abin rububi.

Darasi na 5: Inda taimako ke maƙalewa

In mun duba wannan tarihi za mu ga sunan shiri yana sakewa, amma ramukan da kaya ke faɗawa ba su sake ba. Ga su nan guda biyar.

Na ɗaya, sunayen ƙarya. Ana cika takarda da sunan matattu da yara da mutanen birni, manomin gaske ya zo a ce babu sunansa.

Na biyu, dangwale a kan abin da ba a karɓa ba. Takarda ta ce buhu 2, a ba mutum 1, a kama yatsansa a dangwala. A ofis an rubuta ya karɓi 2, kuma yatsansa ne shaida.

Na uku, jinkiri. Takin da ya zo bayan gero ya yi ciki ya wuce lokacinsa. A ƙasarmu damina gajeriya ce, wata huɗu ne ko ƙasa da haka. Jinkirin mako uku ya isa ya ɓata amfanin buhu.

Na huɗu, algus. A buɗe buhu a rage, ko a gauraya shi da yashi a sake ɗinkewa. Tun 2019 akwai dokar ƙasa da ta hana sayar da gurɓataccen taki ko buhun da bai cika ba.

Na biyar, mu kanmu. Ɗan kasuwa yana tsaye a bayan rumbu da kuɗi a hannu. Lokacin kuwa bazara ce, rumbun gida ya yi ƙasa, ga yara, ga rashin lafiya. Sai manomi ya sayar da rabonsa da 'yar riba kaɗan. Ba mu raina wannan matsi ba, mun san yunwa ba ta jiran kaka. Amma mu yi lissafi. Ribar da ya karɓa za ta ƙare cikin kwanaki. Ƙarin hatsin da buhun zai ba shi a gona shi zai ci har wata bazarar. Sau da yawa kuma shi ne zai koma wurin ɗan kasuwar nan a tsakiyar damina ya sayi mudu-mudu da tsada. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan duka nauyi a ƙasarmu. Batsari da Safana suna bakin dajin Rugu. A shekarun 2019 da 2020 da bayansu 'yan bindiga sun kashe mutane, sun kore shanun huɗa, sun hana noman gonakin nesa. Mutane da yawa sun yi gudun hijira zuwa cikin Batsari da Dutsin-ma da Katsina. A 2023 Gwamnatin Jiha ta kafa rundunar tsaro ta 'yan ƙasa, a 2025 kuma aka yi zaman sulhu a Batsari da Safana. Buhun taki ba shi da amfani ga wanda ba zai iya zuwa gonarsa ba. Saboda haka in za mu kai kuka ga hukuma, mu haɗa biyun: tsaro da taki. Kuma in ana rubuta sunaye, kada a manta da wanda ya yi hijira yana noman aro a wani gari, da matan da aka kashe mazansu suka riƙe gona.

Darasi na 6: Karanta buhu, ka san aikinsa

Samun taki rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sa shi daidai.

Ku duba jikin buhu. Za ku ga nauyinsa, kilo 50. In kamfa ne za ku ga haruffa uku, N da P da K, da lambobi uku, kamar 15-15-15 ko 20-10-10. N shi ke sa ganye ya yi kore, kara ya yi tsawo. P shi ke ƙarfafa saiwa, ya taimaki ƙwaya. K shi ke ba shuka ƙarfin jure cuta da ƙishi. Lambar tana gaya mana kashi nawa cikin 100 na ko wane ke cikin buhun. Yuriya kuwa N ce zalla, kashi 46 cikin 100. Supa aikinsa P.

Kamfa ake fara sawa, lokacin shuka ko cikin mako biyu bayan tsiro. Yuriya tana biyo baya, wajen mako biyar zuwa shida ga masara. A sa ta ƙasa tana da danshi. A yi ɗan rami nesa da gindin shuka kamar tsawon yatsa, a zuba, a rufe. Yuriyar da aka watsa a sarari rana tana dukanta, rabonta iska ne. In kuma ta taɓa jikin shuka sai ta ƙone ta.

Gyaɗa da wake ba su bukatar yuriya da yawa, domin saiwarsu tana da ƙulle-ƙulle masu jawo N daga iska. Supa suka fi so. Shi ya sa gonar da aka yi wake ko gyaɗa bara takan yi wa dawa da gero kyau bana, kuma juya shuka haka yana rage ƙuduji.

Wanda takinsa kaɗan ne kada ya watsa shi ko'ina. Masu binciken gona a Sadore, kusa da Yamai a Nijar, sun gwada zuba cikin murfin kwalbar lemo guda na kamfa a ko wane ramin gero, aka ga amfani ya ƙaru ƙwarai. Dabara ce da ta dace da jigawa irin tamu.

Kada kuma mu yar da takin gida. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe ruwa. Kashin dabbobi da toka da sharar gida su ke ba ta jiki, su sa takin zamani ya zauna maimakon ruwa ya wanke shi. Gawo ma abokin manomi ne, yana zubar da ganyensa da damina, ba ya yi wa shuka inuwa. Wannan taimako ne da ba ya bukatar sa hannun kowa.

A Indiya, tun 2015, ana shafa wa yuriyar rangwame man bedi, itacen da wasu ke kira darbejiya. Yana sa ta narke a hankali a gona, yana kuma hana a karkatar da ita zuwa masana'antu. Ku ga yadda itacen da ke ƙofar gidanmu yake tsare haƙƙin manomi a wata ƙasa.

Darasi na 7: Abin da za mu yi

1. Mu yi rajista da wuri, da sunanmu na gaskiya kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa. In suna ya saɓa da na takarda, nan ake samun hujjar hana mutum.

2. Mu tambayi Malamin Gona ko Mai Unguwa abu huɗu: buhu nawa aka ba mazaɓarmu, nawa ne kuɗin buhu, yaushe za a raba, a ina. Mu rubuta amsar a littafi. Jihar Katsina tana da mazaɓu 361, ko wace da kasonta in an yi rabo ta wannan hanya.

3. Mu nemi a karanta sunaye a bainar jama'a, a kuma manna takardar inda kowa zai gani.

4. Kada mu sa hannu ko mu dangwala sai mun karanta, ko wani amintacce daga ajinmu ya karanta mana. Mu ƙirga buhu tukuna, sa'an nan yatsa.

5. In mun biya kuɗi, mu karɓi rasit, mu adana shi.

6. Kada mu ba kowa lambar sirri ta katin banki, ko lambar da aka aiko mana ta waya, ko da ya ce daga ofishin Gwamnati yake. Ma'aikacin gaske ba ya tambayar wannan. Wanda ya ce a ba shi kuɗi don ya sa suna, shi ma a yi hankali da shi.

7. In rance ne, mu tambayi nawa za a biya, da me, kuma yaushe. In mun ga ba za mu iya ba, mu bar shi. In mun karɓa, mu biya. In bala'i ya sami gona, mu kai rahoto tun da wuri a zo a gani, kada mu jira ranar biya.

8. Mu haɗa kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum 20 da suka kafa ƙungiya, suna da littafi da ma'aji, suna tara kuɗi tun kaka lokacin da hatsi da rogo ke hannu, za su iya biyan kasonsu ranar da taki ya zo, ba sai sun nemi ɗan kasuwa ya biya musu ya kwashe rabi ba. In kuma rangwame bai zo ba, su sayi nasu a dunƙule tun rani, kafin farashi ya hau.

9. In an ci haƙƙinmu, mu rubuta takarda. A sa rana, da wuri, da abin da aka yi alkawari, da abin da aka bayar, da sunayen shaidu. A kai wa Dagaci da Hakimi da sashen gona na ƙaramar hukuma, a riƙe kwafi. Ƙorafin baki yakan tsaya a dandali. Takarda tana shiga ofis, kuma dole a ajiye ta.

Lissafi

Waɗannan lambobi misali ne don koyo.

1. A ce buhu yana naira 40,000 a kasuwa. An yi rangwamen kashi 50 cikin 100. Nawa manomi zai biya a buhu 2?

2. A ce an ba wata mazaɓa buhu 600, aka ce ko wane manomi buhu 2. Manoma nawa za su samu? In mutum 220 ne suka samu, buhu nawa ba a gani ba?

3. Ƙungiya tana da mutum 20. Ko wane yana ajiye naira 2,000 a wata, har wata 6. Nawa suka tara? Buhu nawa za su saya in buhu yana naira 20,000?

4. Buhun yuriya kilo 50 ne, kashi 46 cikin 100 nasa N ne. Kilo nawa ke nan?

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin kyauta da rangwame da rance?

2. Daga ina Gwamnati take samun kuɗin rangwamen taki?

3. A wace shekara aka janye rangwamen taki, a wace shekara aka maido shi?

4. Faɗi abu biyu da suka hana wasu manoma cin amfanin shirin waya na 2012.

5. Don me ake rufe yuriya da ƙasa?

6. Me za ka yi kafin ka dangwala yatsa a takardar rabo?

Aikin rubutu

Ko wane ɗalibi ya rubuta sunansa cikakke, da sunan ƙauyensu, da na mazaɓarsu, da yawan gonakinsa, da abin da yake shukawa a ko wace. Sa'an nan ajin duka su haɗu su rubuta wasiƙa ɗaya zuwa ga Malamin Gona, su tambaye shi ranar da za a fara rubuta sunayen manoma na bana. A zo da ita aji mai zuwa a gyara, a zaɓi mutum biyu su kai.